Riƙon Batir a Ƙasar Zafi

A Kete Krachi, in kayan aikin mutum ya lalace, ba gobe zai sami madadinsa ba. Garin yana zaune ne a kan wani harshen ƙasa da tafkin Volta ya kusa kewayewa, kuma mai nufin kudu sai ya jira jirgin fito, ko na Kojokrom, ko ya zaga ta Dambai ya tsallaka Oti. Wanda yake son kaya na kirki daga Kumasi ko Akra sai ya lissafa kuɗin mota da na fito da yinin da zai ɓata a bakin ruwa. Haka mutumin Salaga yake jiran fiton Makango zuwa Yeji, na Yendi da na Bawku kuwa sai sun dangana da Tamale ko Bolgatanga. Saboda haka mutuwar batirin injin aiki a tsakiyar damina ba ƙaramin abu ba ne a wurinmu, don ciyawa ba ta jiran kowa.

Na koma kan injinan da ke aiki da batir ne bayan tsadar 2022, shekarar da hauhawar farashi a Ghana ta haura kashi 50 cikin 100, fetur ya zama abin da ake saye da ƙaramar kwalba. Ina da gonar kashu da 'yar saurar doya, na kuma mallaki injin yankan ciyawa, da ƙaramin zarto na datse rassa da saro sandunan doya, da injin feshi na goyo. Ba ja-in-ja da igiyar tayar da inji da sassafe, ba gauraya fetur da baƙin mai, ba hayaƙi a fuska. Sai dai duk wanda ya saya ya san inda kuɗin yake: batir da cajarsa sukan kai kuɗin injin kansa, wani lokacin su zarce. Injin yakan daɗe in an kula da shi. Batir ne ke riga shi tafiya, kuma abin da na gani a nan shi ne ba yawan aiki ke kashe yawancinsu ba. Zafi ne da mummunar ajiya.

Takardar da ke zuwa cikin kwali tana da amfani, amma in ka karanta ta za ka gane mutumin Turai da Amurka aka fi yi wa ita. Tana jan kunne kada a yi caji cikin sanyin da ke daskarar da ruwa, abin da ko a tsakiyar hunturun Bawku ba a gani. Layin da ya shafe mu yakan zo a taƙaice, ƙarami a can ƙasa: kada a yi caji in zafi ya wuce digiri 40 ko 45, kada a bar batir a rana. Mu kuwa a watannin Maris da Afrilu, a Bawku zafin inuwa kaɗai yakan kai digiri 40 har ya ɗara, Yendi na biye da ita, Krachi kuma in ta ɗan sassauta sai ta haɗa maka da gumi da laimar tafki. Iyakar da suka sa ta zama yanayinmu na yau da kullum.

Akwai wani matashi a zangonmu mai gyaran wayoyi da fitilun sola. A teburinsa na fara ganin cikin batir, ranar da wani maƙwabcina ya kawo nasa da ya ƙi karɓar caji bai ko shekara ba. Da ya kwance kusoshin ya ɗaga murfin sai ya ce, "Kawu, matso ka gani." Ƙwayoyi goma ne a ciki, kowace kaurinta milimita 18, tsawonta 65, an haɗa su bibbiyu da siririn ƙarfe, aure biyar a jere. Kowace ƙwaya tana ba da volt 3.6, biyar a jere su ba da 18. In sun cika sukan kai 20 da ɗan wani abu, shi ya sa wani kamfani yake rubuta 18V, wani ya rubuta 20V, alhali abu ɗaya ne. A samansu akwai ɗan allo mai wayoyi, da wata 'yar ƙwaya kamar kan ashana da ke manne a jikin ƙwayoyin tana jin ɗuminsu tana gaya wa caja. Ya ɗauko mita ya bi su aure-aure. Huɗu suna nan da ransu, na biyar ya faɗi ƙasa da volt 2, kuma siraran ƙarfen da ke gefensa sun yi tsatsa.

"Waɗannan biyun ne suka kayar da sauran," in ji shi. "Caja ta ga sun yi ƙasa da yawa, ba za ta taɓa su ba. Kuma gaskiyarta, Kawu, in aka tilasta musu suna iya kamawa da wuta."

Da aka bi diddigi sai labarin ya fito. Da rana batirin yana kwance a kan ƙarfen bayan babur mai ƙafa uku, wanda ko hannu ba ya iya zama a kansa da azahar. Da dare kuma yaran gidan suna soka masa wayoyi biyu su kunna ƙwan lantarki da 'yar fanka har gari ya waye. Wannan na biyun ya kamata kowa ya sani, don ya yawaita. A batura da dama, abin da ke yanke wuta in caji ya yi ƙasa ba a cikin batirin yake ba, yana cikin injin ne. In ka cire shi daga injin ka ja wutarsa da waya, babu mai ce masa ya isa, sai ya tsotse har ƙwayoyin su wuce inda ake dawowa. Ban ga laifin yaran ba, batir mai 18V da 5Ah yana ɗauke da wutar da za ta riƙe ƙwai mai watt 9 kusan awa goma, kuma duhu duhu ne. Amma fitilar sola ba ta kai rubu'in kuɗin batirin ba.

Ɓarnar zafi ba ta bayyana nan take, shi ya sa mutane ba sa yarda da ita. Batirin da ya sha rana yau zai yi aiki gobe kamar ba abin da ya same shi. Sai bayan watanni ka ga wanda yake share maka gefen gona guda ya koma tsayawa a rabi. Abin da ke cikin ƙwayoyin ne yake lalacewa a hankali, zafi yana hanzarta lalacewar, kuma ya fi muni in batirin yana cike taf. Cikakken batir a ɗakin kwano da rana tsaka, ko a ƙarƙashin kujerar babur, ko kusa da murhu, shi ne ya fi kowane saurin tsufa.

Ga yadda nake yi a gona. Batirin da ba ya kan inji yana cikin jakar yadi mai haske, a rataye a reshen kashu mai duhuwa, inda iska ke ratsawa kuma raɓa da tururuwa ba sa kai masa. Ina aiki da biyu, in wannan ya ɗau ɗumi in sauke shi in ɗora wancan. Yankan ciyawa da hantsi nake yinsa bayan raɓa ta bushe, sai kuma bayan la'asar. In na dawo gida ba na ɗora batir a caja sai na taɓa shi da bayan hannu na ji ya huce, kuma yawanci sai bayan magariba, lokacin da ɗaki ya saki zafinsa. Caja ta kirki da kanta takan ƙi fara aiki in batir yana da zafi, sai ka ga fitilarta tana ƙiftawa. Ba lalacewa ta yi ba, jira take. Na ga masu cirewa su sake sokawa, na ga mai naɗe batir da jiƙaƙƙen tsumma, har da mai sa shi a firji don ya yi saurin sanyi. Batirin da ya fito daga firji ya shiga iskar Krachi gumi yake yi ciki da waje, ruwan nan kuwa a kan allon wayoyin zai sauka. Inuwa da haƙurin rabin awa sun wadatar.

Wani abin da ba a cika dangantawa da batir ba shi ne kaifin wuƙa. Dakusasshiyar sarƙar zarto, ko wuƙar injin ciyawa da ta sha duwatsu, tana sa injin ya ja wuta fiye da kima, batir ya yi zafi daga ciki ya kuma ƙare da wuri. A gonar da tofa ta kama, ko gamba ta yi kauri, ina yanka sama tukuna sannan in sauko ƙasa, ba na danna injin cikin duhuwar har ya shaƙe. Magagari ɗaya a aljihu, da ɗan mai a sarƙa, sun ƙara mini tsawon aikin kowane caji fiye da yadda na zata.

Inda aka fi asara shi ne lokacin hutun inji. A Krachi ruwa yakan ɗauke wajen ƙarshen Oktoba ko farkon Nuwamba. Daga nan a share kewayen gonakin kashu saboda gobarar daji, sai a jingine injin ciyawa da na feshi har Afrilu ko Mayu. A Bawku, inda rani ya fi tsawo, hutun yakan haura rabin shekara. A cikin watannin nan ne batura suke mutuwa shiru, mai su bai sani ba sai ranar da ya tashi fara aiki.

Mutanen garin nan ba baƙin sanin ajiya ba ne. Kete ta cika ne da fatake da malaman da suka baro Salaga bayan yaƙin basasar 1892, cikinsu har da Alhaji Umaru, haifaffen Kano, wanda ya yi limanci a nan har rasuwarsa a 1934. Sana'ar waɗancan fatake goron Gwanja ce, kuma sun san huhun goro ba ya kai Kano lafiya sai an tsare shi daga rana, ana kwance shi lokaci-lokaci ana dubawa, ana tsince mai sankara kafin ya ɓata na kusa da shi. Haka batir yake so a cikin rani: inuwa, da leƙawa a kai a kai. Bambancin kawai shi ne goro yana son yayyafi, batir kuwa ba ya shiri da ruwa ko kaɗan.

Sai dai batir iri biyu ne a hannun manomanmu, kuma ajiyarsu ta saɓa wa juna. Na injin ciyawa da na zarto na litiyam ne. Shi ba a ajiye shi a cike, ba a kuma ajiye shi a ƙare. Tsakanin kashi 40 zuwa 60 ya fi so, wato fitila biyu cikin huɗu in yana da maɓallin dubawa. A cire shi daga kan injin, a cire shi daga kan caja, a ɗora shi a kan katako a ɗaki mafi sanyi a gidan. Ɗakin ƙasa mai rufin ciyawa ya fi na kwano nesa ba kusa ba, amma ajiya kawai, ba a yin caji a ƙarƙashin jinka. Duk bayan wata biyu ina danna maɓallin, in ya sauka fitila ɗaya in ɗan ƙara masa. Shi kuwa injin feshi na goyo, yawancin waɗanda ake sayarwa a kasuwanninmu suna ɗauke da batirin dalma mai volt 12, ɗan'uwan na babur. Wannan a cike ake ajiye shi, a kuma riƙa cika shi kamar duk wata. In aka bar shi a ƙare, wani farin gishiri yakan daskare a kan farantan dalmar da ke ciki, daga nan ba ya ƙara riƙe caji. Manomi ya gama feshin ƙarshe, ya wanke tanki ya rataye, damina ta zo ya tarar famfo ba ya ko motsi, ya ce kayan yanzu ba su da ƙwari. Wani lokacin da gaskiyarsa, amma sau da yawa cajin awa kaɗan a Disamba da Fabrairu da ya cece shi. In ba ka tabbatar da wane iri ne naka ba, buɗe murfin ƙasan tankin ka ɗaga batirin: na dalma baƙi ne mai nauyi kamar dutse, na litiyam ba shi da nauyi.

Akwai kuma tsohuwar al'adar da ta ƙi barinmu, cewa sai batir ya mutu murus kafin a yi masa caji, sabo kuma sai ya kwana a wuta. Wannan ta samo asali ne daga baturan nikel na da. Na litiyam, wanda kamfanin Sony ya fara fitarwa kasuwa a 1991, kuma mutum uku da suka assasa shi suka sami kyautar Nobel a 2019, ba ya buƙatar haka. Ƙarin caji daga rabi ba ya cutar da shi, ya ma fi masa sauƙi. Da injin ya fara rage ƙarfi ko ya tsaya da kansa, a sauke batir, kada a yi ta danna maɓalli don a tatse ɗan abin da ya rage. A caja kuma za ka lura yana saurin kaiwa wajen kashi 80, sauran ya tafi a hankali. Haka aka tsara shi, kuma in kana sauri wannan 80 ɗin ta isa ka koma gona.

Maganar wutar da ake cajin da ita tana da ɗaci a nan. Tsohuwar Kete Krachi tana ƙarƙashin tafkin da madatsar Akosombo ta haifar, wadda aka kammala a 1965, aka tashi mutane wajen 80,000 aka sake musu matsuguni a garuruwa 52. Duk da haka akwai ƙauyuka da tsibirai a cikin tafkin da layin lantarki bai kai ba. Wasu, irin su Aglakope, an kafa musu ƙaramar tashar sola, sauran kuwa sai janareta ko faranti ɗaya a kan rufi. Caja ta fi batir saurin cutuwa da wuta mai hawa da sauka. In da janareta ne, a bari ya tashi ya daidaita kafin a soka caja, a kuma zare ta kafin a kashe shi. In an ɗauke wuta a zare, don dawowarta ce mai haɗari, haka ma in hadari ya haɗo ana tsawa. Masu sola su sani ƙananan inbata masu araha ba sa fitar da wuta mai santsi irin ta layi, wasu cajoji sukan yi zafi ko su ƙone a kansu, saboda haka a nemi mai fitar da tsabtatacciyar wuta. Faranti mai watt 100 a rana mai kyau yana iya cika batura kamar uku irin wanda na ambata, amma ƙurar hunturu in ta rufe fuskarsa sai a riƙa gogewa. Ƙurar nan tana toshe ramukan iskar caja ma, kuma zanzaro yana son gina ɗakinsa a ciki. Busasshen burushi ya isa, bayan an zare ta daga wuta.

Mai tsallaka ruwa da kwale-kwale ya sa batir a leda ya ɗaure, ya jefa a bokiti mai murfi, in ya isa ya fitar da shi daga ledar. Kada ya haɗa shi a jaka ɗaya da ƙusoshi ko makulli ko tsabar kuɗi, don ƙarfe ɗaya in ya haɗa bakunansa biyu tartsatsi ne nan take. Batirin da ya faɗa cikin tafki kuwa kada a kai shi caja da zarar bayansa ya bushe. A ajiye shi waje, nesa da ɗaki, har mai gyara ya buɗe ya duba.

Game da sayen sabo, hannu ya fi ido gane gaskiya. Ƙwaya irin wadda na gani a teburin yaron nan, yawanci ko mai kyau ba ta wuce wajen 3,500mAh. In ka ga an rubuta 9,000 ko fiye a jikin irinta, ƙarya ce. Batirin jabu yakan zo da launi da tambari irin na asali, amma ɗauki su biyun a tafin hannu, na jabun ya fi sauƙi, don ƙwayoyinsa ƙanana ne ko tsofaffi da aka sake wa riga, wani ma babu mai jin ɗumi a cikinsa. Arahar da ake samu a kansa ba ta kai darajar ɗakin kwana ba. Wutar batirin litiyam daga cikinsa take tashi, ƙwaya ɗaya ta kunna ta kusa da ita, hayaƙin guba ne, kuma tana iya sake tashi bayan an zaci ta mutu. Shi ya sa nake caji a kan siminti, nesa da katifa da galan ɗin fetur da buhunan amfanin gona, kuma ina farke. Batirin da ya kumbura, ko ya tsage, ko yake wari mai zaƙi-zaƙi, ko yake zafi ba a kan aiki ba, ya gama. A fitar da shi fili a ɗora a kan yashi. In ya kama, a kawar da yara, a yanke wutar gida, a kwarara masa ruwa mai yawa daga nesa don ya huce.

Abin da har yanzu yake damuna shi ne inda matattun suke ƙarewa. Ghana ta yi dokar kula da shara mai haɗari da ta kayan lantarki tun 2016, amma a ƙauyukanmu mataccen batir bola ake jefa shi, bola kuwa wuta ake cinna mata da rani, ko ruwan sama ya kwashe ta zuwa tafkin da muke sha muke kamun kifi. Na dalma yana da masu saye a cikin 'yan gwangwan, sai dai fasa shi a tsakar gida a zubar da ruwansa inda yara suke wasa abu ne da bai kamata a yarda da shi ba. Mai jin Hausa bai manta da Zamfara a 2010 ba, inda gubar dalma daga haƙar zinariya ta kashe yara fiye da 400. Nawa matattun ina liƙe bakunansu da salatif, in sa su a tukunyar ƙasa mai yashi a bayan gida, har in sami mai tafiya birni da zai kai su wurin masu karɓa. Wannan dabarar mutum ɗaya ce, ba za ta ɗauki gari ba. Motocin doya suna barin Krachi zuwa Akra da Kumasi duk kaka. 'Yan kasuwar da suke kawo mana baturan nan za su iya ajiye akwati a shagunansu su karɓi tsofaffin, su rage wa mai kawowa wani abu a kuɗin sabo, majalisar ƙaramar hukuma kuma ta ware wuri mai inuwa da rufi inda za a tara su kafin a yi lodi.